Ciwon maraina na farat ɗaya: yaushe ake jiran ekografi, yaushe kuma ba a jira?

Malamin kwaleji, Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, kuma ina neman afuwa domin maganar ta shafi al'aura, sai dai larura ce ta sa na kawo ta. A cikin danginmu mutum biyu sun yi ciwon da a idona iri ɗaya ne, amma hanyoyin da aka bi wajen yi masu magani ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Na farko ɗan yayana ne mai shekara 14. Ciwo ya tashe shi daga barci kafin asuba, a ɓangaren hagu na marainansa, har ya yi amai ya kasa miƙewa. Da muka kai shi asibiti, likitan fiɗa ya duba shi da hannu kawai ya ce a shiga da shi ɗakin aiki nan take, alhali na'urar ekografi, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana cikin asibitin, mai aiki da ita ne bai iso ba tukuna. Bayan an fito aka shaida mana cewa igiyar ƙwan ce ta murɗe, an warware ta, an ɗinke ƙwan a mazauninsa, har ma an ɗinke na dama wanda lafiyarsa lau. Na biyu surukinmu ne, magidanci da ya haura shekara 40, wanda shi ma ya kumbura yana ciwo tare da zazzaɓi. Shi aka rubuta masa takardar ekografi, ya je ya yi, ya dawo aka ba shi magani na kwana goma, babu wanda ya yi zancen aiki.

Mahaifin yaron har yanzu bai gamsu ba, yana cewa an yanka masa ɗa ba tare da hoto ba, an kuma taɓa wurin da ba ya ciwo. Ina so in san abin da ekografi ke nunawa a irin wannan ciwo, da dalilin da ya sa aka jira ta a kan babba aka ƙi jiran ta a kan yaro.

Likitan hoto, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ekografi ita ce aikina na kullum, kuma duk da haka da ni ne a wurin, da na ce kada a jira ni.

Kowane ƙwai yana rataye ne da igiya da ta sauko daga cikin mara. A cikinta akwai jijiyar da ke kawo masa jini, da jijiyoyin da ke mayar da jinin, da bututun da maniyyi ke bi. Idan ƙwan ya juya a cikin jakarsa sai igiyar ta murɗe, kamar yadda igiyar guga ke murɗewa idan gugan ya yi ta juyawa a cikin rijiya. Jijiyoyin da ke mayar da jini su ne ke fara toshewa saboda laushinsu, ƙwan ya cika ya kumbura, daga baya mai kawo jinin ita ma ta toshe, naman ya fara mutuwa. Idan aka warware cikin awa 6 na farko, a kan ceci ƙwan a kusan kashi 90 cikin 100 ko fiye. A wajen awa 12 abin ya koma kusan rabi, bayan awa 24 kuwa bai kai kashi 10 ba. Wannan ciwo ya fi kama yara maza daga shekara 12 zuwa 18, sai kuma jarirai sababbin haihuwa, kuma ya saba zuwa cikin barci ko bayan wasa. Shekarun ɗanku, da yadda ciwon ya faɗo masa lokaci guda, da aman da ya yi, sun isa su sa likita ya ɗauka murɗewa ce har sai an tabbatar da saɓanin haka.

Ita ekografi sauti ce mai tsananin siranta wanda kunne ba ya ji. Ana tura shi cikin jiki, ya bugi nama ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto, don haka babu hasken da ke cutarwa a cikinta, kuma ana iya maimaita ta sau nawa aka ga dama. Ga maraina muna amfani da kan na'ura mai miƙaƙƙen baki, mai tura sautin da ya fi siranta, domin abin da muke nema yana dab da fata. Mukan fara da ɓangaren da ke lafiya mu daidaita na'urar a kansa, sannan mu koma mai ciwon, mu kuma haɗa ƙwan biyu cikin hoto ɗaya mu kwatanta. Daga nan sai mu kunna Dopla, wato tsarin da ke nuna gudanar jini da launi, wanda aka gina a kan abin da masanin Ostiriya Christian Doppler ya bayyana a 1842 game da yadda motsi ke sauya sauti da haske. Mutane da yawa suna zaton ja yana nufin jini mai kyau shuɗi kuma gurɓatacce. Launukan suna nuna inda jinin ya nufa ne kawai, ko yana matsowa wajen kan na'urar ko yana nisantar sa.

A murɗewa cikakkiya, ƙwan mai lafiya yana nuna launi, mai ciwon kuma ya fito babu komai. A kumburin da ƙwayoyin cuta ke kawowa, irin wanda nake kyautata zaton shi ne na surukinku, akasin haka ake gani. Akwai wani siririn bututu da ke naɗe a bayan ƙwan, ana kiran sa epididim, wanda tsawonsa zai kai mita 6 idan aka warware shi. Shi ne ke fara kumbura, galibi daga ƙasansa, jini ya cika shi fiye da na ɗaya ɓangaren, ruwa kaɗan ya taru a kewayen ƙwan, fatar jakar ta yi kauri. Irin wannan ciwo yakan taso sannu a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi ko zafin fitsari. Ga samari yakan fito daga ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa, ga manya kuwa ya fi fitowa daga ƙwayoyin cutar hanyar fitsari, musamman idan fitsarin ya fara wahalar fita, saboda haka bai kamata a yi wa kowa mummunan zato a kansa ba. Jinkirin ƴan awoyi ba ya kashe ƙwan a nan, kuma hoton yana da amfani domin yana nuna ko mugunya ta taru, wadda magani kaɗai ba zai warkar ba.

Inda matsalar take shi ne ekografi tana iya ruɗar mai yin ta a daidai lokacin da aka fi buƙatar gaskiya. A awoyin farko naman ƙwan yana fitowa lafiya lau a hoton baƙi da fari. Idan murɗewar rabin zagaye ce ko zagaye ɗaya maras ƙarfi, jini yana iya ci gaba da shiga, Dopla ta nuna launi, a rubuta cewa komai daidai, alhali ƙwan yana cikin haɗari. Akwai kuma wanda igiyarsa ke murɗewa ta warware da kanta. Idan aka duba shi bayan ta warware, jini yana kwarara da yawa, sai a ce kumburin ƙwayoyin cuta ne a sallame shi da magani, wata rana ta sake murɗewa. Ga ƙananan yara kuma jinin da ke gudana a ƙwan kaɗan ne ƙwarai, tsohuwar na'ura ba ta ganin sa ko a ɓangaren da ke lafiya. Shi ya sa wanda ya san aikin ba ya tsayawa a kan ƙwan. Yakan bi igiyar tun daga matsematsi har ƙasa yana neman inda ta dunƙule ta yi zobe cikin zobe, domin wannan alama ta fi launi tabbas. Ba kowane mai riƙe na'ura ne ke neman ta ba, kuma a ganina wannan shi ne babban raunin ekografin maraina a wurare da yawa, fiye da tsufan na'urorin.

Majo (ma'aikacin jinya) mai ritaya, Tawa

Malam, ina yi maku barka. Ku gaya wa yayanku ya yi wa Allah godiya, domin yawancin yaran da na gani da wannan ciwo a shekarun da na yi a asibitocin karkara ba su iso a kan lokaci ba, kuma ba rashin na'ura ne ya jinkirta su ba. Kunya ce ta farko. Yaro mai shekara 13 ko 15 ba zai iya buɗe baki ya gaya wa mahaifiyarsa inda ke yi masa ciwo ba, sai ya ce mararsa ce ko cikinsa. A jiƙa masa kanwa ko sassaƙe, a kira wanzami, ko a sayo ƙwayar kashe ciwo a wajen mai tebur. Bayan yini guda ciwon yakan lafa, iyaye su ce an samu sauƙi, alhali lafawar tana iya zama alamar ƙwan ya riga ya mutu. Mu ma ma'aikata muna da namu kason: duk yaro namiji da aka kawo da ciwon mara da amai, wajibi ne a duba marainansa, ko bai ambata ba, ko yana noƙewa.

A inda babu ekografi, hannu da ido suna faɗin abu da yawa. Ƙwan da ya murɗe yakan ɗage sama fiye da ɗan'uwansa, yakan kwanta a gicciye, ya yi tauri. Idan aka shafi cikin cinya daga sama, ƙwai mai lafiya yakan zabura ya ɗaga, wanda ya murɗe kuwa galibi ba ya motsi. An tattara waɗannan alamu cikin wani ma'auni mai maki 7 da aka wallafa a 2013: kumburi maki 2, tauri maki 2, rashin zaburar nan maki 1, tashin zuciya ko amai maki 1, ɗagewar ƙwan maki 1. Wanda ya samu 5 zuwa 7 a nufi ɗakin aiki da shi, mai 3 ko 4 shi ne ya fi buƙatar hoto, mai 2 zuwa ƙasa kuma da wuya ya zama murɗewa. Akwai tsohuwar dabara da aka koya mana, ta ɗaga jakar a ga ko ciwon zai ragu, amma ba a dogara da ita yanzu.

Mutumin da ke wani ƙauye bayan Abalak ko Cin-Tabaraden yana da tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya ga Tawa, Yamai kuma ta fi kilomita 500 daga nan. Awa 6 ɗin da likita ya ambata tana ƙarewa ne a neman mota da haɗa kuɗi, tunda kyautar magani da gwamnati ta kafa a 2006, a ɓangaren yara, ta tsaya ga ƴan ƙasa da shekara 5, ba ta kai ga samari ba. Don haka shawarata ga majo na karkara ita ce ya tura yaron inda ake aiki, ya kira su a waya tun kafin motar ta tashi, kada ya tura shi inda ake hoto kawai. Iyaye kuma kada su ba shi fura ko kunu ko ruwa a hanya, saboda allurar barcin da za a yi masa.

Ɗalibin likitanci, Yamai

Ina gaida manyana. Ina da ɗan ja a kan wannan magana, kuma ina so a gyara mini idan na kauce. An koya mana cewa cikin yaran da ke zuwa da ciwon maraina na farat ɗaya, waɗanda igiyarsu ta murɗe ba su ne mafi yawa ba. Da dama daga cikinsu, musamman ƴan shekara 7 zuwa 12, wani ɗan ƙaramin tsiron nama ne da ke saman ƙwan yake murɗewa, wanda ba shi da wani aiki a jiki, kuma yana warkewa da hutu da maganin ciwo cikin mako ɗaya ko biyu. Ekografi tana iya nuna shi, ɗan dunƙule a gefen kan epididim, ƙwan kuma yana samun jininsa. Idan muka ce kada a jira hoto, ashe ba za mu riƙa buɗe yara da yawa a banza ba, mu ɗora wa iyaye kuɗin aiki da na kwanciya, ga haɗarin allurar barci? A ƙasar da likitocin fiɗa ba su da yawa, ina ganin wannan ma asara ce da ya kamata a sa cikin lissafi.

Likitan fiɗa, Yamai

Ƙanena, tambayarka tana kan hanya, kuma babu wanda ya ce a jefar da ekografi. Abin da ake aunawa shi ne girman zato da kuma tsawon jiran. Idan zaton murɗewa yana da ƙarfi, hoto ba zai sauya abin da zan yi ba: ko ya nuna babu jini in buɗe, ko ya nuna akwai jini in buɗe, tunda likitan hoto ya riga ya bayyana yadda launi ke ruɗi. Binciken da ba zai sauya hukunci ba, lokaci kawai yake ci. Idan zaton tsaka-tsaki ne kuma mai na'urar yana kusa, ina neman hoton da kaina, sau da yawa ana yin sa yayin da ake shirya ɗakin aiki. Gaskiya ne cewa za a buɗe wasu a tarar ba murɗewa ba ce, kuma likitocin fiɗa a ko'ina sun yarda da wannan farashi, domin yaron da aka buɗe a banza zai koma gida da ƴar tsaga da za ta warke cikin ƴan kwanaki, wanda aka jinkirta kuwa ƙwan ne za a cire masa.

Malam, game da ɗinke na dama, wannan shi ne ƙa'idar aikin. Ƙwai yakan manne da bangon jakarsa ta baya, abin da ke hana shi juyawa. Wasu an haife su ba tare da wannan mannewa ba, ƙwan yana lilo a sake, kuma yawanci halittar tana shafar ɓangarorin biyu. Wanda na hagunsa ya murɗe yau, na damansa yana iya murɗewa gobe, saboda haka ake ɗinke su tare a aiki ɗaya. Ko da an cire ɗaya, ragowar idan yana lafiya yakan wadatar wajen balaga da haihuwa, abin da ya ƙara sa kare shi ya zama dole. Akwai kuma dabarar warware igiyar da hannu daga waje, ta hanyar juya ƙwan zuwa wajen cinya, domin kusan biyu bisa uku suna murɗewa ne zuwa ciki. Tana iya sayen lokaci ga wanda ke nesa, amma aikin ma'aikacin lafiya ne, kuma ko ciwon ya lafa sai an yi aikin.

Ga manya ne ekografi ta fi yi mini amfani, domin abubuwan da ke kawo ciwon sun fi yawa. Ƙaba da ta sauko cikin jaka ta maƙale tana nuna hanji a inda bai kamata ba, kuma idan hanjin ya daina motsi aikin gaggawa ne. Ga mai ciwon suga da ya zo da kumburi da wari da zazzaɓi mai zafi, ganin iska a ƙarƙashin fata yana nuna ruɓewar da likitan Faransa Furniye ya bayyana a 1883, wadda ke kisa idan aka yi sake. Hangum yakan sauka maraina ga wanda ya balaga, ƴan kwanaki bayan kumburin kumatu. Kumburin epididim da ya ƙi jin magani yana sa mu nemi tarin fuka, ga makiyaya masu shan ɗanyen nono kuma mu nemi cutar burusela, wadda ake ɗauka daga dabbobi. Wani lokaci ma marainan lafiya lau suke, tsakuwa ce ke saukowa daga ƙoda tana aiko da ciwon ƙasa, sai mu ɗaga kan na'urar mu duba can.

Mai horar da ƴan ƙwallo, Tawa

Likitoci, Allah ya saka. Ni yarana sukan sha bugu a wurin, da ƙwallo ko da ƙafa, kuma yawanci sukan tashi su ci gaba da wasa. Yaushe ya kamata in tura yaro asibiti, kuma shi ma ba a jiran hoto?

Likitan hoto, Yamai

Malam, idan ciwon ya wuce cikin awa guda kuma babu kumburi, yawanci babu damuwa. Idan ya ci gaba, ko jakar ta kumbura ta yi baƙi, ko yaron ya yi amai, ku kai shi ranar. A nan ekografi tana da babban matsayi, domin kumburi da ciwo ba sa barin hannu ya ji komai. Ƙwai yana da wata farar fata mai tauri da ta lulluɓe shi, wadda ke fitowa a hoto a matsayin siririn layi mai haske. Idan layin ya yanke, ko siffar ƙwan ta baje, ko cikinsa ya yi dabbare-dabbare, ana ɗauka ya fashe. Idan aka ɗinke shi cikin awa 72 a kan ceci mafi yawansu, bayan haka damar tana raguwa sosai. Jinin da ya taru kaɗan a kewaye ana iya barin sa a sa ido, mai yawa kuma a kan buɗe a kwashe. Ku lura cewa bugu shi ma yana iya jawo murɗewa, don haka yaron da ke amai kuma ƙwansa ya ɗage sama, hukuncinsa na awa 6 ne. Duk tabon da aka gani a cikin ƙwan bayan bugu mukan sake duba shi bayan wasu makonni, domin taruwar jini tana raguwa ta ɓace, ƙari kuwa ba ya raguwa, kuma ciwon daji na maraina ya fi kama masu shekara 15 zuwa 35, wato shekarun ƴan wasanku.